Sojan Gona: Ɗauri Ba Ya Biyan Bashi

 A wannan mako filin namu zai duba wata irin sata wadda ba a fasa ƙofa dominta, ba a kuma haura katanga. Ita ce satar suna, watau abin da Bahaushe ya daɗe yana kira sojan gona: mutum ya shiga rigar wani, ya karɓi abin da aka tanada domin wancan, ko kuwa ya ci bashi da sunansa ya bar shi da jidalin biya.

A dā, a kasuwanni irin na Sabon Birni da Isa da Shinkafi, sunan mutum yana tare da fuskarsa. Falke ya taso daga Maraɗi ko Tsibiri, ya sauka wurin fatomansa, fatoma ya tsaya masa, dillali ya san shi ya san ubansa, a ba shi kaya bashi ba tare da ko takarda ba. Wanda ya so ya yi ƙarya da sunan wani a irin wannan wuri, kafin la'asar asirinsa ya tonu. Yau kuwa suna ya koma lamba. Tun shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN ga masu ajiya, ga kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN, kowacce da alƙaluma 11, kuma a watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta mai shi. Duk wanda ya riƙe waɗannan lambobi tare da layin wayar mutum, to, a wurin na'ura shi ne mutumin.

Mutanen gabashin Sakkwato sun fi wasu shiga hatsarin wannan abu, saboda dalilan da kowa ya sani. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Gobir, wasu suka ƙetare zuwa yankin Gidan Rumji a Jihar Maraɗi, wasu suka taru a cikin garuruwan Sabon Birni da Isa. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takardunsa. Dattijon da bai yi karatun boko ba kuma tilas ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga yaron da ke riƙe da na'urar POS, tilas ya dangwala yatsa inda aka nuna masa, ko ana rajistar tallafi ko ana rajistar layi. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin sadarwar waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda da waya miyagu ke shirya ta'asarsu suna neman kuɗin fansa. To, a yi tunani: idan layin da aka nemi fansa da shi yana ɗauke da sunan wani manomi na Gatawa ko Kurawa wanda bai taɓa ganin layin ba, ƙofar wa jami'an tsaro za su fara ƙwanƙwasawa?

Kada wani ya zaci Shari'a ba ta san wannan matsala ba sai da aka ƙago waya. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin aika wasiƙu ga sarakunan duniya, an gaya masa ba sa karɓar wasiƙa sai mai hatimi. Sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa aka zana sunansa da manzancinsa a kai, kuma ya hana kowa ya zana irin wannan zane a nasa zoben. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Hikimar hanin a fili take, domin hatimi shi ne bakin mai shi a inda ba ya nan, idan ya zama guda biyu ba a san maganar wa ake ji ba. Abin da kuwa ake tsoro ya auku a shekara ta 35 bayan Hijira. Masana tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa wata ƙungiya daga Masar, suna kan hanyar komawa gida daga Madina, suka kama wani ɗan aike da wasiƙa mai ɗauke da hatimin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, ana umurtar gwamnan Masar ya hukunta su. Sayyidina Usmanu ya rantse bai rubuta ba, bai kuma sa a rubuta ba, ya nuna musu cewa ana iya kwaikwayon rubutu, ana iya ƙera hatimi. Ba su saurara ba, suka kewaye gidansa, har ya yi shahada a cikin watan Zulhajji. Wasiƙa guda ta jabu tana cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar fitinar da al'umma ba ta gama farfaɗowa daga gare ta ba.

To, mene ne hukuncin mai yin haka? Jama'a da yawa in ransu ya ɓaci sukan ce ɓarawo ne, a yanke hannu. Amma haddin sata yana da sharuɗɗa: a ɗauki dukiyar a ɓoye, daga ma'ajinta, kuma ta kai nisabi, watau rubu'in dinari ko dirhami 3. Hadisin Jabir wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya fitar da maha'inci da mai ƙwace a fili da mai fizge daga hukuncin yanke hannu. Mai sojan gona kuwa galibi miƙa masa dukiyar ake yi da hannu, domin an ɗauka shi ne mai ita. Saboda haka laifinsa zamba ce da ƙirƙiren ƙarya da cin dukiya ta hanyar ɓarna, wadda aya ta 188 ta Suratul Baƙara da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i suka haramta, kuma horonsa ta'aziri ne, watau ladabtarwa gwargwadon ganin shugaba. Wasu malaman wannan zamani suna ganin asusun banki mai lambar sirri ma'aji ne, wanda ya kutsa cikinsa kamar wanda ya fasa akwati ne. Maganar tana da ƙarfi ga mai kutse, amma ga wanda ya buga waya ya ce shi ma'aikacin banki ne har mai asusu ya karanto masa lambar da bakinsa, ni dai ina ganin shubuha ta shiga, haddi kuwa ana tunkuɗe shi da shubuha.

Kada a ɗauka ta'aziri abu ne mai sauƙi. Littattafan fiƙihu, ciki har da Al-Mugni na Ibn Ƙudama, sun kawo labarin wani mutum mai suna Ma'an ɗan Za'ida wanda ya ƙera hatimi irin na Baitulmali a zamanin Sayyidina Umar, ya je da shi ya karɓi kuɗi. Umar ya yi masa bulala 100 ya tsare shi. Aka zo roƙo, ya ƙara masa 100. Aka sake roƙo, ya ƙara masa 100, sa'an nan ya kore shi daga gari. Bai yanke hannunsa ba, amma bulalar ta wuce ta kowane haddi, kuma da wannan labari ake kafa hujja ga mazhabar Maliku a kan cewa ta'aziri yana iya zarce haddi idan maslaha ta bukaci haka.

A nan ne muka iso ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Idan aka damfari mutum, hankalinsa duk yakan tafi ga a kama, a ɗaure. In an ɗaure sai ya koma gida hannu rabbana, yana ganin shari'a ta ƙare, shi ma mai laifin ya fito bayan shekaru yana ganin ya biya. Alhali kuwa haƙƙi biyu ne a wuyansa. Horo na hukuma ne, domin tsare jama'a. Ramuwa kuwa, ko ranko kamar yadda mutanen Sakkwato ke faɗi, ta mai dukiya ce, kuma zaman kurkuku ba ya rage ko kwabo daga cikinta. Mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda kowane almajiri a ƙasar Hausa ya san littafinsa, ya bambanta tsakanin ɓarayi biyu. Wanda aka yanke wa hannu, idan abin da ya sata ya riga ya salwanta, ana bin sa ƙimarsa ne in yana da wadata, in matalauci ne ba a bin sa. Wanda satarsa ba ta kai ga yanke hannu ba kuwa ana bin sa bashin ko da ba shi da komai, har ranar da ya samu. Watau kuɓuta daga haddi nauyi take ƙara wa mai sojan gona ta wajen biya, domin bashin yana nan a wuyansa, kuma in ya mutu daga dukiyarsa za a fitar kafin a raba gado.

Dokar ƙasa ma a kan wannan hanya ta bi, sai dai kaɗan ne suka san haka. Tun dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, an ware yaudara ta hanyar shiga rigar wani a matsayin laifi mai zaman kansa. A 2015 aka kafa dokar tarayya ta hana laifuffukan intanet, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 22 na wannan doka ya haramta yin amfani da lambar sirrin wani ko sa hannunsa na na'ura da nufin zamba, da kuma shiga rigar wani mutum, rayayye ko matacce, domin samun dukiya ko cutar da shi ko guje wa kamu. Horon da sashen ya ambata ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 7 ko duka biyu, ma'aikacin banki kuwa da ya yi amfani da sanin da aikinsa ya ba shi ya aikata haka, shekara 7 ko naira miliyan 5 ko duka biyu. Tara dai aljihun gwamnati take shiga. Abin da ya shafi wanda aka cuta yana sashe na 49, inda aka ce bayan horo lalle kotu ta umurci mai laifi ya mayar wa wanda ya cuta daidai abin da ya yi hasara, kuma ana zartar da wannan umurni kamar yadda ake zartar da hukuncin ƙarar bashi. Dokar damfara ta 2006, wadda ta yanka ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara, ita ma ta tanadi mayar da dukiya.

An kuwa taɓa gani a aikace. Tsakanin 1995 da 1998 wani mutum mai suna Emmanuel Nwude ya shiga rigar Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Paul Ogwuma, shi da abokansa suka yaudari wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil da kwangilar filin jirgin sama na ƙarya, suka karɓe dala miliyan 242. A 2005 wata kotu a Legas ta ɗaure shi bayan hukumar EFCC ta gurfanar da shi, aka kuma ƙwace kadarorinsa domin a mayar wa waɗanda aka cuta. Masu bankin Brazil suna da lauyoyin da suka bi musu kadi har ƙarshe. Tsohuwar da aka kwashe wa naira dubu 50 a Isa ba ta da su, ga shi kuma shari'ar laifuffukan intanet a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, wadda ke cikin birnin Sakkwato, tafiya mai nisa a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. Wannan gibi ne na gaske, kuma ina ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na addini da ke tara kuɗi domin gina masallatai suna iya ɗaukar lauya guda ya riƙa tsaya wa irin waɗannan raunana.

Sau da yawa ma ba a kama ɓarawon. Shin hasarar ta faɗa kan mai asusu ke nan? Ba kullum ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ta tabbatar da cewa kuɗin da ake ajiyewa a asusun yau da kullum rance ne ga banki, hannun banki a kansu hannun lamuni ne. Sananne ne kuma a fiƙihu cewa wanda ake bi bashi, idan ya biya wani da ya zo ya ce an wakilta shi, alhali ba a wakilta shi ba, bai sauke nauyi ba, sai ya sake biyan mai haƙƙi, shi kuma ya bi mayaudarin. Malamanmu ba su yi sakaci da tantance mutane ba. Muhtasar na Shaihu Halil ya hana mai shaida ya yi shaida a kan wanda bai sani ba sai dai a kan idonsa, har ma idan mace ta zo gaban alƙali ta faɗi sunan ubanta ba a san ta ba, sai a rubuta cewa ita ce ta yi da'awar haka. Idan an ɗora wa magatakardan alƙali wannan taka-tsantsan, ina ga bankin da ke cin riba da kuɗin jama'a? Sashe na 37 na dokar 2015 ya wajabta wa banki tantance masu hulɗa da shi, kuma idan ya cire kuɗi daga asusun mutum ba da izini ba, mai asusu ya kai kuka a rubuce, tilas banki ya nuna hujjarsa ko ya mayar da kuɗin cikin sa'o'i 72. A lura da kalmar a rubuce. Hayaniya a bakin kanta ba ta zama hujja. Idan mako 2 ya wuce banki bai warware ba, ana ɗaukaka kuka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba wanda ya cutu saboda wani kamfani ko hukuma ta yi sakaci da bayanansa damar neman diyya a kotu. Amma wanda ya karanto lambar sirrinsa ga baƙo a waya ya raunana ƙararsa da kansa, domin a Shari'a ma mai sakaci yana ɗaukar rabonsa na hasara.

Haka abin yake ga wanda aka ci bashi da sunansa. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu. Wanda ya ba da rance shi zai tabbatar da cewa wannan mutum ne ya karɓa, kuma bai halatta a tsorata bawan Allah da saƙonnin tozarci har ya biya abin da bai ci ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba ma son a taɓa, domin ya shafe mu. Saurayi ya ba da sunansa a buɗe asusu ko a yi rajistar layi domin a ba shi 'yan dubbai, bai tambayi me za a yi da su ba. Mai shago ya tara hotunan katunan mutane da yatsunsu ya yi rajistar layuka fiye da wanda aka nema, ya sayar. Waɗannan abokan tarayya ne a cikin laifin, aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare haddi, kuma idan da layin nan aka karɓi fansar wani Musulmi, hannunsu yana ciki. Malikawa sun daɗe da lamuntar da masu sana'a abin da aka damƙa musu, domin dukiyar mutane ba ta tsaruwa sai da haka, kuma ban ga dalilin da zai fitar da mai POS ko mai rajista daga wannan ƙiyasi ba. A ofis ma haka: wanda ya bar sunan mamaci a takardar albashi yana karɓa, da wanda ya ci fanshon tsohon da ba ya iya zuwa hedkwata, da wanda ya rubuta sunayen 'yan gudun hijira ya karɓi buhunan da aka aiko musu, duk sojan gona ne, ko da sun sa babbar riga sun zauna a sahun farko. Tubarsu ba ta cika sai sun mayar: ga mai haƙƙi in yana raye, ga magadansa in ya rasu, ga baitulmalin gwamnati in nata ne, in kuwa an nemi mai shi an rasa, a yi sadaka da niyyar ladan ya je gare shi.

Sulhu alheri ne, kuma mai dukiya yana da ikon yafe nasa duka ko rabi, muddin da yardarsa ne, ba domin an taru an yi masa nauyin baki ba. Sai dai dattawan da ke zaman sulhu su tuna cewa ba kuɗi kaɗai aka ɗauka ba. Fatake sun san cewa wanda aka taɓa kai wa sammaci a kan zamba, ko an sake shi, ba kowa zai sake ba shi kaya bashi ba, ma'aikaci kuma zargi kaɗai ya isa ya tsayar masa da ƙarin girma. Malamai sun yi hukunci a kan mai shaidar zur cewa a kewaya da shi a bayyana shi a kasuwa da wuraren taruwar jama'a domin a san shi, an kuma ruwaito haka daga Sayyidina Umar. Bisa wannan, duk sulhun da za a yi a kan satar suna ya kamata ya ƙunshi takardar da mai laifi ya sa wa hannu gaban shaidu biyu adilai yana wanke wanda ya ɓata, a kai kwafinta ga banki da kamfanin waya da ofishin 'yan sanda inda aka rubuta ƙarar, a kuma sanar a kasuwar da aka ji zargin tun farko, gaban sarkin kasuwa da dillalan da suka daina ba shi kaya.